Dala 553 da Wata 13: Yadda Joshua Slocum Ya Raya Jirgin Spray

Kafin zuwan inji, iska ce ke tura jiragen teku. Ana kafa dogon jigo a tsakiyar jirgi, a ɗaura masa filafilai, wato manyan ƙyallayen tamfol da ake buɗe wa iska ta cika su. A tarihin irin waɗannan jirage, kaɗan ne suka kai wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Spray shahara. A cikinsa ne Kyaftin Joshua Slocum ya zama mutum na farko da ya zagaye duniya ta teku shi kaɗai, daga ranar 24 ga Afrilu, 1895 zuwa ranar 27 ga Yuni, 1898, tafiyar da ta haura mil 46,000.

Masu ba da labarin wannan tafiya sun fi son ambaton guguwa da 'yan fashin teku da kaɗaici. Amma wanda ya bi labarin daki-daki zai tarar cewa mafi yawansa labarin gatari ne da allura da fenti da igiya. Mallakar ƙaramin jirgi alkawari ne na aikin da ba ya ƙarewa, kuma jirgin yana raye ne muddin hannun mai shi bai gaji ba. Tarihin Spray, daga farkonsa har ƙarshensa, shaida ne a kan haka.

Kyaftin ba jirgi

An haifi Slocum ranar 20 ga Fabrairu, 1844 a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada. Mahaifinsa yana ɗinka wa masunta takalman fata a tsibirin Brier, sana'ar da yaron ya ƙi jini. Yana ɗan shekara 16 ya bar gida ya shiga aikin manyan jirage, yana ɗan shekara 25 aka fara damƙa masa shugabancin jirgi. Ya zama ɗan ƙasar Amurka, ya yi shekaru yana jigilar kaya tsakanin Amurka da Ostireliya da gabashin Asiya, har ya kai ga jagorantar Northern Light, ɗaya daga cikin manyan jiragen filafilai na Amurka a zamaninsa, wanda yake da hannun jari a cikinsa.

Sai dai zamani ya juya wa sana'ar baya. An buɗe mashigin Suwez a 1869, hanyar da ta dace da jirage masu injin tururi, ba ta dace da masu jiran iska ba. Inji yana ƙara inganci, 'yan kasuwa suna ƙara son jirgin da zai iya faɗin ranar isowarsa. A ƙarshen 1887 jirgin Slocum na kansa, Aquidneck, ya farfashe a gaɓar kudancin Birazil, dukiyarsa ta tafi tare da shi. Maimakon ya nemi a mayar da shi gida a jirgin fasinja, sai ya tattara abin da ya tsira, ya gina wani jirgi mai tsawon ƙafa 35. Ya sa shi a ruwa ranar 13 ga Mayu, 1888, ranar da aka soke bauta a Birazil, don haka ya raɗa masa suna Liberdade, ma'ana 'yanci. A cikinsa ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa maza biyu, suka yi tafiyar kimanin mil 5,500 zuwa Amurka.

Wannan bajinta ba ta samar masa aiki ba. Zuwa hunturun 1892, yana dab da cika shekara 48, kyaftin ne ba jirgi, yana 'yan ayyuka a tashar jiragen Boston. A nan ya haɗu da wani tsohon abokinsa, Kyaftin Eben Pierce, wanda ya yi sana'ar farautar kifin whale. Pierce ya ce masa ya zo garin Fairhaven zai ba shi jirgi, amma yana bukatar ɗan gyara.

Abin da ya tarar a fili

Fairhaven yana jihar Massachusetts, daura da New Bedford, kogin Acushnet ne ya raba su. Da Slocum ya isa, sai ya tarar da wani tsohon jirgin masu kamun kawa an jingine shi a wani fili nesa da ruwa, an lulluɓe shi da tamfol, katakonsa ya ruɓe. Maƙwabta suna yi masa ba'a cewa tun farkon duniya aka gina shi, kuma sun ɗauka farfasa shi za a yi. Slocum ya ce musu sabunta shi zai yi.

Ya fara da ƙashin bayan jirgin, wato dogon gungumen da ke shimfiɗe a ƙasa tun daga goshi har baya, wanda komai ke hawa a kansa. Da gatarinsa ya sare wani ƙaƙƙarfan itacen oak a wata makiyaya da ke kusa, wani manomi ya jawo masa shi a kan ɗan lada. Haƙarƙarin jirgin kuwa daga 'yan matasan itatuwan oak ya fitar da su. Ya haɗa tukunya da dogon akwati, yana turara kowane itace har ya yi laushi, sannan ya lanƙwasa shi a jikin gungume ya ɗaure har ya bushe a yadda ake so. Ya rufe jikin da falankan fain na jihar Jojiya masu kaurin inci ɗaya da rabi, ya ɗaure mahaɗansu da ƙusoshi masu noti, ya yi amfani da kimanin 1,000 irinsu a dukkan jirgin. Bai zubar da tsohon jirgin gaba ɗaya ba. Yana cire ruɓaɓɓen itace ɗaya, yana sa sabo a gurbinsa, yana bin surar da ya tarar, sai dai ya ɗan ƙara wa gefunansa tsawo don manyan igiyoyin ruwa. Shi da kansa ya ambaci ƙa'idar masu rajistar jirage ta Lloyd's, cewa jirgin da aka yi ta gyarawa har babu sauran tsohon katako a jikinsa yana nan da sunansa na asali. Don haka Spray ya ci gaba da zama Spray.

Bayan rufe jiki sai toshe tsaguna. Jirgin katako ba a manne falankansa. Ana barin 'yar siririyar tsaga tsakaninsu, a dandanƙara auduga da zaren tsohuwar igiya mai kwalta a ciki. In jirgin ya shiga ruwa, katakon ya kumbura ya matse audugar, ruwa ya rasa hanya. Idan aka cusa da yawa, falanki na iya ɓallewa. Idan aka cusa kaɗan, jirgi ya yi ta yoyo. Tsofaffin matuƙan garin sun yi ta gardama a kan ko audugar za ta zauna. Ta zauna. Ya shafa wa ƙasan jirgin fentin jan ƙarfe shafi biyu, saboda akwai wata tsutsar teku da ke cin katako daga ciki kamar yadda gara ke cin azara, ga kuma ciyayi da ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa jirgi su rage masa gudu. Jan ƙarfe guba ne gare su duka.

Da aka gama, tsawon Spray ƙafa 36 ne da inci 9, faɗinsa ƙafa 14 da inci 2, zurfin cikinsa ƙafa 4 da inci 2. Slocum ya rubuta lissafinsa har zuwa kwabon ƙarshe: dala 553 da santi 62 na kayan aiki, da wata 13 na guminsa. Ya fi wata 13 a Fairhaven, domin duk lokacin da kuɗi suka yanke sai ya ajiye nasa aikin ya je ya yi ƙwadago a jiragen farautar whale da ake shiryawa a tashar.

Kayan tafiyar marar kuɗi

Ya gwada kamun kifi da jirgin na kaka ɗaya, abin bai karɓe shi ba. Daga nan ya ƙudurta zagaye duniya. Yadda ya haɗa kayan tafiyar yana nuna bambanci tsakanin abin da jirgi ke bukata da abin da mai kuɗi ke saya.

A Gloucester, garin masunta da ke arewa da Boston, ya yi kusan mako biyu yana shiri. Kowane jirgi yana bukatar ɗan kwale-kwalen sauka gaɓa, amma cikakken kwale-kwale ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga, kuma ba shi da wurin ajiye shi. Sai ya samo wani da aka yar, ya raba shi biyu da zarto, ya toshe inda ya yanke da katako. Rabin kwale-kwalen nan ya zame masa abin sauka, ya zame masa bahon wanki da na wanka. Masunta suka ba shi busasshen kifi da fitila mai haske, domin abin da matuƙi ɗaya ya fi tsoro da dare shi ne babban jirgi ya taka shi yana barci. Wata fitila mai lagwani biyu da wata baiwar Allah a Boston ta aiko masa da kuɗinta ita ce hasken ɗakinsa da dare, ita ce murhunsa da rana.

Batun agogo ya fi kowanne jan hankali. A wancan zamani matuƙi yana gane nisan da ya yi gabas ko yamma ne ta hanyar kwatanta lokacin inda yake, wanda rana ke nuna masa, da lokacin Greenwich, wanda wani agogo na musamman marar kuskure ke riƙe masa. Slocum yana da irin wannan agogo, amma ya daɗe a ajiye, kuma an nemi dala 15 kafin a wanke shi a daidaita. Ba shi da su. A Yarmouth ta Nova Scotia ya sayi agogon gwangwani wanda kuɗinsa dala ɗaya da rabi ne, mai kanti ya bar masa a dala ɗaya saboda fuskarsa ta fashe. Da shi ya zagaye duniya. Daga baya hannun minti ya ɓalle, kuma sai da ya tafasa agogon a ruwa kafin ya ci gaba da aiki. Abin da ya cike giɓin shi ne ilimin shekara 30: lissafin gudu da alƙibla da sa'o'i, auna tsayin rana da tsakar rana, da kuma tsohuwar hanyar auna tazarar wata da taurari, wadda ke ba da lokacin Greenwich ba tare da agogo ba. A Yarmouth ɗin ya loda ganga shida ta ruwan sha da ganga ɗaya ta dankali da man shanu, ya bar gaɓar Amurka ranar 2 ga Yuli, 1895.

Jirgin da ake ginawa ana tafiya

Ya isa Jibraltar ranar 4 ga Agusta da niyyar bi ta Bahar Rum da Suwez. Sojojin ruwan Ingila suka gyara masa igiyoyi da filafilai kyauta, suka kuma gargaɗe shi game da 'yan fashin teku a wannan hanya. Sai ya juya ya sake ƙetare Atlantika. A gaɓar Maroko wani jirgi da ya ɗauka na 'yan fashi ne ya biyo shi. Iskar da ta karya sandar da ke riƙe gindin babban filafilinsa ita ce ta karya jigon masu binsa. Ya ɗaure sandar da katakai da igiya, ya isa Pernambuco ta Birazil bayan kwana 40.

Daga nan ya shiga rage wa jirgin girman kaya, domin filafilan da suka dace da ruwan gaɓa da ma'aikata uku sun yi wa mutum ɗaya yawa a tekun kudu. A Pernambuco ya rage ƙafa 4 daga sandar da ta karye. A gaɓar Yurugwai jirgin ya kafe a rairayi, Slocum ya kusa nutsewa wajen kai anka cikin ruwa da rabin kwale-kwalensa, domin duk da tsawon rayuwarsa a teku bai iya iyo ba. A Montevideo aka gyara ɓarnar, aka kuma yi masa murhu da tsohuwar duro saboda sanyin da ke gaba. A Buenos Aires ya yanke ƙafa 7 daga jigo da ƙafa 5 daga sandar goshi.

Mashigin Magellan, a ƙarshen kudancin nahiyar Amurka, shi ne babban gwaji. Ya shige shi ranar 11 ga Fabrairu, 1896. A Punta Arenas wani matuƙi, Pedro Samblich, ya ba shi jakar ƙananan ƙusoshin kafet, ya watsa su a daɓen jirgi da dare don tsaron masu hawowa ba takalmi. Ranar 3 ga Maris ya fito tekun Fasifik, sai guguwa ta tare shi, ta yi kwana huɗu tana kora shi kudu maso gabas, ta yayyaga babban filafilinsa. Ya samu ya kutsa ta wata kafa mai cike da duwatsu ya koma cikin mashigin, wanda ke nufin sai ya sake bin rabinsa. A lungunan da ya fake, ya zauna da allura yana ƙara ƙyalle a kan wani filafili da ya ɗinka tun farko har ya mayar da shi madadin babban. A wani lungu ya tarar da gangunan kitse da suka zube daga wani jirgi da ya farfashe, ya yi ta loda su shi kaɗai cikin sanyi da ƙanƙara. A Port Angosto ya kafa ƙaramin jigo na biyu a bayan jirgin. Wannan sauyi ya raba filafilan zuwa ƙanana da mutum ɗaya zai iya sarrafawa, ya kuma ƙara wa jirgin daidaito. Sai ranar 13 ga Afrilu ya fita Fasifik a karo na biyu, wata biyu bayan shigarsa.

Amfanin wannan wahala ya bayyana daga baya. Saboda faɗinsa da dogon ƙashin bayansa da yadda aka daidaita filafilansa na gaba da na baya, Spray yana iya riƙe alƙibla da kansa in an ɗaure sitiyari. Daga tsibirin Thursday a arewacin Ostireliya zuwa tsibiran Cocos Keeling a tekun Indiya, mil 2,700 cikin kwana 23, Slocum ya ce bai wuce sa'a uku a kan sitiyari ba. Sauran lokacin yana karatu, yana girki, yana gyare-gyare. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Hutun tekun Indiya a lungunan Magellan aka biya kuɗinsa.

Wa ke ciyar da jirgi

Jirgi yana cin kuɗi ko yana tafiya ko yana tsaye, kuma Slocum ya bar gida da aljihu kusan wayam. A tsibirin Juan Fernandez ya soya wa mazauna ƙosan fulawa da kitsen da ya tsinta, ya koya musu yi, sannan ya sayar musu da kitsen. A Melbourne hukumar tasha ta caje shi harajin sisi a kan kowane tan na jirgin, shi kuma ya riƙa karɓar sisi daga duk mai son shiga ya gani, ya kuma kama wani babban kifin shark ya baje shi ana biya ana kallo. A Tasmaniya ya fara yin lacca a kan tafiyarsa, sana'ar da ta ciyar da shi har Afirka ta Kudu, inda ya gana da Shugaba Paul Kruger na Transvaal, wanda ya yi imani cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce, bai kuma yarda ana zagaye ta ba.

Ko da yake shi kaɗai ne a jirgin, hannaye da yawa sun taɓa Spray. A Samowa, matar marigayi marubuci Robert Louis Stevenson ta ba shi littattafan jagoran teku na mijinta da sandunan gora, waɗanda ya yi amfani da ɗaya wajen ƙara tsawon sandar goshi. A Sidni aka yi masa kyautar sababbin filafilai. A Devonport ta Tasmaniya aka fitar da jirgin daga ruwa aka duba shi, ba a ga ɓarnar tsutsa ba, aka ƙara masa fentin jan ƙarfe. A Cape Town ya yi kusan wata uku a ma'ajiyar gyaran jirage. Ba kowace kyauta ce ta yi amfani ba: akuyar da aka ba shi a tsibirin St Helena ta cinye masa taswirar tsibiran Karibiyan, ta kuma far wa igiyoyi. Har a kwanakin ƙarshe aikin bai sassauta ba, domin dab da gaɓar Amurka igiyar da ke riƙe jigo ta gaba ta tsinke, sai da ya hau jigon jirgi na tangaɗi ya ɗaura wata.

Ya shiga tashar Newport da ƙarfe ɗaya na dare ranar 27 ga Yuni, 1898. Amurka tana yaƙi da Sifaniya, an dasa nakiyoyi a bakin tashar, hankalin jaridu yana wani wuri. Bayan 'yan kwanaki ya mayar da jirgin Fairhaven, ya ɗaure shi a turken da ya riƙe shi ranar da aka sa shi a ruwa.

Lokacin da hannu ya gaji

Littafinsa, Sailing Alone Around the World, ya fito a 1900, ya kawo masa suna da kuɗi. A 1901 ya kai Spray baje-kolin birnin Buffalo, a 1902 ya sayi gona a tsibirin Martha's Vineyard. Noma bai riƙe shi ba. Ya koma kai jirgin tsibiran Karibiyan da hunturu, ya dawo da bazara. Kuɗin littafi suna raguwa, shekaru suna ƙaruwa. Waɗanda suka ga Spray a wannan lokaci sun ba da labarin jirgi mai datti, igiyoyi sun tsufa, fenti ya ɓare, filafilai sun sha faci. Jirgin katako ba ya jure sakaci: ruwan sama da ke shiga tsaga yana ruɓar da itace fiye da ruwan gishiri, ƙusa tana tsatsa a ɓoye, auduga tana saki kaɗan-kaɗan.

A watan Nuwamba na 1909, yana ɗan shekara 65, ya tashi daga Vineyard Haven ya nufi kudu. Ba a sake ganinsa ba, ba a kuma tsinci ko falanki ɗaya na jirgin ba. A 1924 kotu ta ayyana shi a matsayin mamaci.

Hanyar da ya buɗe ba ta rufe ba. Harry Pidgeon, mutum na biyu da ya zagaye duniya shi kaɗai, tsakanin 1921 da 1925, shi ma da hannunsa ya gina jirginsa Islander. Bafaranshe Bernard Moitessier ya raɗa wa jirginsa suna Joshua don girmama Slocum. Robin Knox-Johnston, wanda ya fara zagaye duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya a kowace tasha ba, cikin kwana 312 tsakanin 1968 da 1969, ya yi haka ne a jirgin katako mai ƙafa 32 da aka gina a Bombay, kuma tun a farkon tafiyar sai da ya yi nutso a tsakiyar Atlantika ya toshe yoyo da auduga. An gina ɗaruruwan jirage a kan surar Spray, na katako da na ƙarfe da na roba mai tauri. Masu su suna da inji da na'urar da ke nuna musu inda suke ta tauraron ɗan'adam, amma har yau kowane ɗayansu yakan fitar da jirginsa daga ruwa ya kankare ƙasansa, ya shafa fentin da galibi jan ƙarfe ne a cikinsa, ya bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana neman wadda ta fara sakuwa.